Dutsen Kabejin Mama

Ranar da abin ya faru da faɗa muka fara ni da Mama, kamar kullum. Ina sunkuye a bakin ƙofa ina ɗaure igiyar takalmi ta fito ta tsaya a kaina.

"Albin, ina buroshin ƙarfen nan naka na goge tsatsa?"

"Me za ki yi da shi?"

"Ci zan yi. Yau ranar kabeji ce, ko ka manta? Dutsena zan kankare. Wani abu rawaya ya fito masa a baki, duk ya ɓata mini ƙyalle."

Na zaro buroshin daga jaka na miƙa mata, ko ɗaga kai ban yi ba. Ta bi ni da mita har bakin titi, wai ƙato da furfura a ka ya bar uwarsa da tulin kabeji ya tafi kan dutse tonon cokulan matattu. Na ce mata sai na dawo. Ta ce in na ga dama in kwana a can.

Abin da Mama take kira dutsenta ba dutse ba ne. Harsashin igwa ne na yaƙin duniya na farko, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsa, nauyinsa ya kai na jariri ƙosasshe. Duk kaka in an yanka kabeji an barbaɗe shi da gishiri a gangar katako, sai a ɗora faifan katako a kai, a danne da abu mai nauyi har ya yi tsami. Wasu gidajen dutsen kogi suke sawa. Mu kuwa tun kafin a haife ni Baba ya kawo wannan daga kan dutsen Krn, ya ce dutse yana marmashewa, ƙarfe ba ya yi. Ba wanda ya ga abin mamaki. A kwarinmu, inda aka gwabza yaƙin, shingen lambu ma da ƙarfen yaƙi ake yi, furannin coci a kwanson igwa suke zaune. Kuma kowa ya tashi da magana ɗaya: harsashi in ba shi da kai, wato abin bakinsa mai tayar da shi, gawa ne. Na Mama ba shi da kai, bakinsa a shafe yake. Baba ya rasu, dutsen yana nan yana aikinsa, a nannaɗe cikin farin ƙyalle a ɗakin ƙasa na ƙarƙashin gida.

Stane yana jirana a gindin hanya cikin akwalar motarsa, yana cin burodi da tsiran alade. Tare muka yi makaranta, tare muka tsufa, kuma har yau bai koyi yin shiru ba.

"Ka makara, tsoho. Uwarka ta hana ka fita ne?"

"Ja mota, malam."

Muka bar motar inda hanya ta ƙare, muka hau da ƙafa cikin busasshen ganye har tsoffin ramukan yaƙi na sojan Austiriya. Ni ƙananan abubuwa nake so. In na'urata ta gano ƙarfe a ƙasa ta yi kuka siriri na san maɓalli ne ko kwanson bindiga, in goge gindinsa da babban yatsa in gane na Italiya ne ko na Austiriya. Safiyar nan na samu kan bel da ya ci tsatsa, da cokali mai suna a ƙarce a jikinsa, har ina jin daɗi. Manyan kaya harkar Stane ce. Shi ne mai littattafai da hotuna, shi ne mai kiran hukuma in mun ci karo da abin da ya fi ƙarfinmu.

Wajen hantsi na'urata ta yi wani kuka mai kauri a gindin wani rusasshen bango. Na durƙusa na fara share ƙasa da hannu. Ƙarfe ya bayyana, mai santsi, a kwance. Na kira Stane.

Ya zo yana haki, ya leƙa, sai na ga ya daina tauna.

"Cire hannunka. A hankali."

"Haba Stane, ba ka gani ba? Ba shi da kai. Gawa ne."

"Gawar ubanwa? Matso ka gani, amma kada ka taɓa." Ya nuna da tsinke, bai kai tsinken jikinsa ba. "Ka ga zoben jan ƙarfen nan na gindi? Sumul yake. Wanda aka harba, bakin igwa yakan tsattsaga masa zobe. Wannan bai taɓa shiga igwa ba, daga ma'aji ya fito. Kuma abin da ke bakinsa toshi ne, ba rami ba. Haka ake kawo su a toshe, sai an zo harbi a cire toshin a ɗaura kan. Cikinsa maƙil yake, mutumina."

"To ai in ba kai, ba zai tashi ba."

"Da yana sabo, e. Dubi nan."

A zagayen toshin akwai wani abu rawaya da ya bushe, kamar gwaiduwar ƙwai a bakin cokali.

"Abin cikin ne ya tsufa ya tsattsafo," in ji Stane, muryarsa ta yi ƙasa. "In ya daɗe yana cuɗanya da ƙarfe ba ya jiran kai. Ka ƙarce shi da wuƙa kawai, shi ke nan. Akwai wani a can bayan dutse da ya so ya goge irinsa ya yi ado da shi, rufin garejinsa a gonar maƙwabci aka tsinta. Ja baya mu sa alama. Kai, lafiya? Me ya sami fuskarka?"

Zobe sumul. Baki a shafe. Na sha ganin Mama ta kwance ƙyallen nan, na sha tsallake abin a tsakar gida, amma tun ina rarrafe yake gidanmu, ban taɓa yi masa kallon da nake wa abin da na tono ba.

"Stane, dutsen kabejin Mama."

"Me ya same shi?"

"Irinsa ne. Ta ce rawaya ya fito masa a baki. Da safen nan na ba ta buroshin ƙarfe."

Stane ya yar da tsinken. Ya zaro waya, ya ɗaga sama, ya juya gabas ya juya yamma. Ba sabis. Tawa ma haka. A ramukan nan ba a taɓa samu ba, mun sani, amma muka tsaya muna ɗaga wayoyi kamar wawaye.

Na yar da na'urar na zura da gudu.

Ban san yadda na sauko ba. Na faɗi, na tashi, ƙaya ta yage mini kunci. Ina jin Stane a baya yana numfashi kamar tsohon injin niƙa, yana kiran in jira shi, makulli yana hannunsa. Abin da ke kaina kawai tsarin aikin Mama ne, don na san shi kamar tafin hannuna. Takan fara wanke ganga da ruwan zafi, ta kife ta ta sha iska. Sai faifan. Sai dutsen. Yankan kabeji a ƙarshe yake zuwa. Na dinga lissafin ko ruwan ya tafasa da wuri, ko itacen ɗanye ne, ko wata ta shigo ta tsare ta da surutu. Ban taɓa roƙon Allah ya turo wa uwata magulmaciya ba sai ranar.

A mota sabis ya dawo. Na kira wayar gida, tana ta ringi a falo ba mai ɗauka. Wayar hannun da na saya mata kuwa tana cikin aljihun tebur tun Kirsimeti, wai tana sa mata ciwon kai. Na kira Teta Pepca, wato goggo Pepca, ƙanwar Baba da ke maƙwabtaka da mu, jikarta ta ce ta tafi asibiti a garin Tolmin. Stane yana tuƙi da hannu ɗaya, yana yi wa 'yan kwance bam bayani da ɗayan.

"Wataƙila ba ta fara ba," ya ce da ya kashe. "Shekara nawa tana wanke shi ba abin da ya faru?"

"Da ruwa da tsumma take wankewa. Yau ne ta nemi buroshi."

"To wataƙila..."

"Stane, don Allah yi mini shiru."

Sai ga shanu. Ranar ce aka ga damar sauko da su daga makiyayar kan dutse, sun cika hanya bango zuwa bango, ƙararrawa a wuya, suna tafe kamar masu rakiyar amarya. Stane ya danna hon, makiyayin ya juyo ya zage mu. Na leƙa ta taga na rama har da na kakansa. Da na ga ba za su kauce ba na buɗe ƙofa na dire, na kutsa tsakaninsu ina ture gindin saniya da kafaɗa, na yanke ta gonar masara na bi bayan coci. Kowane taku ina jiran in ji ƙarar. Wallahi har na fara jin ta a kunnena tun ba ta zo ba.

Gidan yana tsaye. Hayaƙi yana fita ta bututu. Na dafa ƙyauren lambu ina mayar da numfashi, sai na ji wani sauti daga tsakar gida, ƙar, ƙar, ƙar.

Na so in ƙwala ihu, na haɗiye. In ta firgita ta zabura, abin zai faɗo kan siminti. Na zagaya a hankali.

Tana zaune a 'yar kujerarta ta tatsar nono, harsashin a kwance kan cinyoyinta bisa atamfar girki. Daga gindi ta faro, tana bin tsatsa, ta goge fiye da rabi har yana ƙyalli. Tsakanin buroshin da rawayan nan bai fi faɗin tafin hannu ba.

"Mama."

"Au, har an dawo? Matattun sun ƙare ne?" Ba ta ɗago ba.

"Mama, tsaya haka. Ɗaga buroshin."

"Saura kaɗan. Bakin ne mai aikin, shi na bari a ƙarshe."

"Na roƙe ki, ɗaga hannunki. Abin nan da ransa."

Ta ɗago ta dube ni, ta ga jini a kuncina, ta yi tsaki.

"Ka sha ne da rana tsaka? Ubanka da kansa ya ce gawa ne. Kai da ka fara tonon shara jiya za ka fi shi sani? Saurara ka ji."

Ta juya buroshin za ta ƙwanƙwasa shi da ƙotar. Ban san lokacin da na isa gabanta ba. Na cafke wuyan hannunta a sama, na riƙe da ƙarfin da ban taɓa riƙe ta da shi ba. Muka tsaya a haka, ido cikin ido.

"Sake ni, mara kunya."

"Ba zan sake ba."

Da ni kaɗai ne, na rantse da ta fizge ta buga, don ta nuna mini. Stane ne ya cece mu, kuma bai ce uffan ba. Ya iso a guje, ya tsaya can bakin rijiya, ya kasa ƙarasowa. Mutumin da in ya shigo gidanmu kai tsaye yake wucewa kicin ya buɗe tukunya, yau ga shi a rakuɓe, hula a hannu, leɓɓansa sun yi fari. Mama ta daɗe tana kallonsa.

"Stane, gaskiya yake faɗa?"

"Gaskiya ne, Teta Rozka. Kada ki motsa."

Na ji hannunta ya saki. Na zare buroshin na ajiye a ƙasa kamar ƙwai.

Na ce bari in ɗauke mata shi. Stane ya ce kul. Ya sake kiran mutanen, ya gaya musu abin yana kan cinyar tsohuwa, kuma an riga an goge shi. Suka ce kada kowa ya ɗaga, kada a juya shi, in za ta iya zama ta zauna yadda take, suna hanya daga garin Nova Gorica, sauran mutane kowa ya bar wurin. Stane ya tafi buga ƙofofin maƙwabta. Ni na durƙusa a gabanta.

"Ba ka ji abin da aka ce ba? Tashi ka tafi."

"Ina nan."

"Albin, ni na ci zamanina. Tashi."

"Ki yi ta faɗa, ai kin saba."

Gwiwar Mama ta hagu ta daɗe da lalacewa. Ko a coci ba ta iya zama a lanƙwashe har a gama wa'azi, sai ta miƙe ta. Ba a jima ba na ga atamfar ta fara rawa. Harsashin ya ɗan gyaɗa. Na sa hannu biyu na rungume ƙafafunta daga ƙasan gwiwa, na haɗe su, na danna ƙirjina a ƙaurinta. Fuskata ta zo daidai bakin abin. Ina ganin ƙwayoyin rawayan ɗaya-ɗaya, ina jin warinsa, ɗaci-ɗaci a maƙogwaro.

"Tana ciwo?"

"Ina ruwanka."

Ƙauyen ya yi tsit. Muka ji motoci suna fita, muka ji wata tana kiran karenta, daga nan ba komai sai ƙudaje a kan tulin kabeji. Mama ta fara addu'a ƙasa-ƙasa, tana kiran Maryamu, ta kai tsakiya ta manta, ta sake farowa. Gumi yana bin haɓarta yana ɗiga a kan ƙarfen, ni kuwa kowane ɗigo sai na runtse ido. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, har haƙorana suna haɗuwa, kuma na san tana jin rawar jikina a ƙafarta.

"Wakena yana ƙonewa," ta ce can.

Gaskiya ne, ƙauri ya fara fitowa ta tagar kicin.

"Bar shi ya ƙone."

"Tukunyar kirki ce. Kai ba ka san darajar komai ba." Ta dubi ƙafarta. "Ƙafar ta mutu, Albin. Ba na jin ta."

"Ni ina jin ta. Na riƙe."

"In na ce ka gudu, ka gudu. Ka ji ni?"

Na ƙara ƙanƙame ƙafafunta. Hannuwana ma sun fara mutuwa, bayana kamar ana soka mini ƙusa. Na dinga kallon ƙofar lambu har idona ya fara yaji. Mama ta ɗora tafinta a kaina, a hankali don kada ta girgiza cinyarta, ta bar shi a nan. Rabon da ta taɓa kaina tun ina ɗan makaranta.

'Yan kwance bam su biyu suka shigo, ba jiniya ba hayaniya. Babbansu wani siriri ne mai tabarau, ya tsuguna kusa da mu ya daɗe yana kallon abin, hannuwansa a bayansa. Ɗayan ya ajiye akwati cike da yashi.

"Sannu Mama, kin yi ƙoƙari," in ji mai tabarau. "Yanzu zan zura hannu ta ƙasa. Ke dai kada ki taya ni. Kai kuma kada ka saki ƙafar sai na ce."

"Ka wanke hannu dai ko?" in ji Mama.

"Na wanke, Mama."

Na ga yatsunsa sun shige tsakanin atamfa da ƙarfe. Na daina numfashi. Abin ya tashi daga cinyarta kaɗan-kaɗan, a kwance yadda yake, ya ratsa ta gaban idona, ya sauka cikin yashi. Suka ɗauki akwatin su biyu suka fita da shi suna taku kamar masu ɗauke da mara lafiya.

Ba wanda ya ce in saki, ni ma na manta. Sai da Mama ta ja kunnena.

Ta kasa tashi. Na ɗauke ta cak na kai ta kan bencin da ke jikin bango, na miƙar mata da ƙafar ina murzawa. Mai tabarau ya dawo ya duba ɗakin ƙasa, ya ce gangar da faifan da ƙyallen duk za su tafi da su, abin nan guba ne. Na zaci za ta yi masa tijara a kan gangar, don ta uwarta ce. Ta gyaɗa kai kawai. Ya ce ba za su yi nisa da harsashin ba, bai yarda da shi a mota ba, a tsakuwar bakin kogi za su tashe shi, in mun ji ƙara kada mu damu.

Da la'asar muna zaune a bencin, ni da ita. Stane ya kankare tukunyar waken ya tafi gida. Mutane sun fara dawowa, wasu suna leƙowa ta shinge, ba wanda ya shigo.

Sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu. Ƙarar ta biyo baya, ta daki ƙirjina, gilasan taga suka kaɗa, tattabarun coci suka watse. Dutse ya karɓa ya miƙa wa dutse, ta daɗe tana yawo a kwarin kafin ta mutu. Can ƙasa wajen kogi hayaƙi ya tashi ya fi itatuwa tsawo.

Mama ta zuba wa hayaƙin ido. Hannuwanta biyu suna kan cikinta.

"Shekarar da aka haife ka," ta ce, "kabeji ya yi kyau ƙwarai. Ubanka yana aiki a Jamus, ba kowa a gidan sai ni. Cikinka ya tsufa, ko takalmina ba na gani. Na kasa ɗaukar abin nan da hannu, sai in ɗora shi a kan cikin, in tallafe, in hau matakala da shi." Ta shafa cikinta. "Kana ta harbinsa daga ciki. Ni kuwa ina dariya, ina ce wa Pepca yaron nan zai yi ƙarfi."

Ta juyo ta kama fuskata da hannu biyu, ta dube ni kamar yau ta fara ganina, sai ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kukan Mama ba, ko ranar da aka binne Baba. Na riƙe ta, muka zauna a nan har inuwa ta rufe tsakar gidan.